Tsohuwar Taya da Igiyar Fata: Takalmin da Ya Sauko daga Tsaunukan Meksiko

A watan Agustan 1993 wasu manoma 'yan ƙabilar Raramuri suka iso Leadville, wani garin masu haƙar ma'adinai a jihar Colorado ta Amurka, wanda ke zaune a kan tsauni sama da mita 3,000 daga doron teku. Tseren mil 100 ya kawo su, wato kimanin kilomita 160, wanda ake yi a kan duwatsun wurin tun 1983. Kafin ranar tsere suka nufi jujin gari, suka tsinto tsofaffin tayoyin mota. Kowa ya ɗora ƙafarsa ya zana, ya yanka, ya huda, ya zura igiyar fata. Da wannan takalmin Victoriano Churro, dattijon da ya ba shekara 50 baya, ya riga kowa isa, cikin awa 20 da 'yan mintuna. Cerrildo Chacarito ya zo na biyu, Manuel Luna na biyar. Da shekara ta zagayo, wani saurayinsu mai suna Juan Herrera ya sake cinye tseren cikin awa 17 da rabi.

A 1992 ma an kawo wasu daga cikinsu, aka ba su kambas irin na kanti, babu wanda ya kai ƙarshe. Masu son labari mai daɗi a kan kambas ɗin kaɗai suke ɗora laifin. Amma mutanen baƙi ne a wurin, ba su saba da gudu da tocila a hannu ba, kuma a al'adarsu ba ka kai hannu ga abincin da ba a miƙo maka ba, ko da an jera shi a bakin hanya domin masu tsere. Tun daga nan ake iya ganin yadda labarin wannan takalmi zai kasance: akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gishirin da aka yi ta ƙarawa.

Yadda ake ɗaura shi

Raramuri, waɗanda aka fi sani a waje da Tarahumara, suna zaune ne a jihar Chihuahua da ke arewacin Meksiko, cikin tsaunuka da kwazazzabai masu zurfin gaske. Na Urique kaɗai ya zarce mita 1,800. Gidajensu a warwatse suke, gona a nan, maƙwabci a can bayan dutse, rafi a ƙasa. Duk inda mutum za shi, ƙafa ce za ta kai shi. Takalminsu, wanda ake kira huarache a Meksiko, da fata ake yin sa a da, sai da mota ta yawaita taya ta karɓi wurin fata.

Huda uku ne kawai a jikinsa. Ɗaya tsakanin babban yatsa da mai bi masa, biyu a gefe da gefe, daidai ƙasan idon sawu. Igiya guda ce doguwa. Ana ƙulla bakinta a ƙarƙashin takalmin, ta fito ta tsakanin yatsu, ta bi bayan ƙafa zuwa hudar waje, ta zagaya bayan dunduniya, ta shiga hudar ciki, sannan ta dawo ta saƙalo kanta, a naɗe sauran a idon sawu sau biyu ko uku a ɗaure. Idan ɗaurin ya yi daidai, takalmin yana manne da tafin ƙafa, yana ɗagowa tare da dunduniya, ba ya yin faɗa-faɗa. Yatsu kuwa a sake suke, suna bajewa duk lokacin da nauyin jiki ya sauka a kansu.

A nan ya sha bamban da silifa, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Silifa ba ta da abin da ke riƙe dunduniya, don haka yatsu ne ke ƙanƙame ta a kowane taku don kada ta fice. Mai silifa bai san yana yi ba, amma yana ja ne da ƙafa, yana gajarta taku, yatsunsa na aikin da ba nasu ba. Igiyar nan ta bayan dunduniya ita ce ta mayar da falankin roba abin da za a iya gudu da shi.

Da shi suke wasansu na rarajipari, inda maza ke rabuwa ƙungiya biyu, kowace tana cilla ƙwallon itace da yatsun ƙafa tana bi a guje. Babban wasa yakan ɗauki yini da kwana, a haska hanya da itacen wuta. Mata suna da nasu, na zobe da sanda. Da shi kuma María Lorena Ramírez, mai kiwon awaki 'yar shekara 22 daga yankin Guachochi, ta cinye rukunin mata na tseren kilomita 50 na Cerro Rojo a jihar Puebla ranar 29 ga Afrilun 2017, cikin awa 7 da minti 3, sanye da doguwar siket, a tseren da mutum kusan 500 daga ƙasashe 12 suka shiga. A 2019 Netflix ta fitar da fim a kanta.

Daga kwazazzabo zuwa kanti

Abin da ya fito da takalmin idon duniya littafi ne. A 2009 ɗan jaridar Amurka Christopher McDougall ya wallafa Born to Run, labarin wani tsere da aka yi a Urique a 2006, wanda wani Ba'amurke mai suna Micah True ya shirya, inda Arnulfo Quimare na Raramuri ya kayar da Scott Jurek, gwarzon dogon gudu na Amurka a lokacin. Littafin ya ƙunshi wata hujja da ta kama zukata: takalman gudu masu kauri da tudun dunduniya, waɗanda suka cika kasuwa tun shekarun 1970, ba su rage rauni ba, wataƙila ma su ne ke jawo shi.

Cikin waɗanda suka je wancan tsere akwai Ted McDonald. Manuel Luna, wanda ya zo na biyar a Leadville, shi ya zauna ya yanka masa takalmi, ya nuna masa ɗauri. McDonald ya koma Seattle ya kafa kamfani a 2010, ya raɗa masa Luna Sandals. Kafin shi, a ƙarshen 2009, Steven Sashen da matarsa Lena Phoenix sun fara sayar da falankin roba mai kaurin milimita 4 da igiya daga gidansu a Colorado, mai saye ya yanka da kansa. Wannan ne ya zama Xero Shoes. Bedrock Sandals ya biyo baya a 2011. Igiyar fata ta koma tef ɗin nailan mai maƙala, taya ta koma roba ta musamman mai ƙyasfi a ƙasa don kama dutse, amma zanen bai canza ba: ƙasa a miƙe, dunduniya da yatsu a layi ɗaya, babu tudu a tsakiyar tafi, babu abin da ya matse yatsu. Takalmin gudu na yau da kullum dunduniyarsa takan fi gabansa tsawo da milimita 10 zuwa 12. A sandal ɗin nan babu wannan tazarar ko kaɗan. Farashin da yawa daga cikinsu yakan kai dala 100 ko ya wuce.

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san wannan takalmi, ko da bai taɓa jin sunan Chihuahua ba. Har gobe ana yanka takalmin taya a kasuwannin ƙauye, manoma da makiyaya da masu turin baro suna saye saboda ba ya mutuwa da wuri. Masai na Kenya da Tanzaniya suna da nasu, manoman Peru da nasu, sojojin Biyetnam sun yi yaƙi da shi. A wurinmu an ɗauke shi takalmin wanda ba shi da hali, yaro ma idan ya samu kuɗin kambas ba ya sake waiwayarsa. Ina ganin mun yi saurin raina shi. Amma ba na so a juya a ɗauke shi magani, domin binciken da aka yi bai ce haka ba.

Abin da masu bincike suka gani

A ƙafa ɗaya akwai ƙashi 26 da gaɓa 33, da tsoka da jijiyoyi sama da 100. Tsakiyar tafin a gantsare take, tana lotsawa idan nauyi ya sauka, ta mayar da ƙarfin idan ƙafa za ta tashi. Agara da sha-raɓa suna yin irin wannan aiki daga baya. A Janairun 2010 Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a mujallar Nature, bayan sun auna masu gudu a Amurka da kuma 'yan Kalenjin na Kenya. Suka ga waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban tafi ko tsakiyarsa, masu takalmi mai kauri kuwa dunduniya suke fara kafawa. Mai kafa dunduniya yana aika wani bugu na farat ɗaya cikin ƙashin ƙafa, wanda kan kai ninki ɗaya da rabi zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai sauka a gaban tafi kusan ba ya samun wannan bugun, saboda idon sawu da agara sun shanye shi.

Binciken bugu ya auna, bai ƙirga rauni ba, kuma Lieberman da kansa ya yi ta nanata hakan. Kasuwa ba ta tsaya saurare ba.

A wani binciken da ya wallafa a 2013, Kevin Hatala ya auna mutanen Daasanach da ke gefen tafkin Turkana a arewacin Kenya, waɗanda su ma ba takalmi suke rayuwa. Kashi 72 cikin 100 dunduniya suke fara kafawa idan suna sassarfa yadda suka ga dama. Ko a cikin Raramuri, a binciken da Lieberman ya wallafa a 2014, masu huarache sun rarrabu: kashi 40 a tsakiyar tafi, kashi 30 a gaba, kashi 30 a dunduniya. Ke nan babu wani taku guda da za a ce shi ne na asali. Sauri, da taurin ƙasa, da sabo, duk suna da ta cewa.

A shekarar 2013 ɗin dai Sarah Ridge ta Jami'ar Brigham Young a jihar Utah ta fitar da sakamakon da ya kamata duk mai sha'awar wannan takalmi ya sani. Ta ɗauki ƙwararrun masu gudu 36, ta sa 19 suka koma takalmi marar kauri na Vibram FiveFingers a hankali cikin mako 10, sauran suka ci gaba da nasu. Da aka ɗauki hoton cikin ƙashinsu da na'urar maganaɗisu, 10 daga cikin 19 ɗin suna da kumburi a ɓargon ƙashin ƙafa wanda ya kai matsayin rauni, biyu ma ƙashin ya riga ya tsage. Waɗannan mutane ne masu ƙarfin zuciya da huhu, masu iya gudun nesa. Ƙasusuwan tafinsu ne ba su shirya ba. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe wata ƙara da aka shigar kan tallarsa da ke cewa takalmin yana ƙarfafa ƙafa yana rage rauni, ko da yake bai amsa laifi ba. Daga nan kasuwar ta juya baya gaba ɗaya. Hoka, wanda wasu Faransawa biyu suka kafa a 2009 da takalmi mai kaurin gaske, ya mamaye tituna. Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019 da takalmin Nike mai tudu, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin takalmin tsere a milimita 40 a 2020.

Masu kare gudu ba takalmi sukan kawo Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinariya a gudun fanfalaki a Rum a 1960 da tafin ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokyo sanye da takalmi, ya rage minti uku. Bikila ne ya yi gudun duka biyun.

To ina amfanin sandal ɗin ke nan? Yana nan, sai dai ba inda aka fi yayata shi ba. A 2018 Nicholas Holowka da Ian Wallace da Lieberman suka gwada ƙafafun mazan Raramuri masu huarache da na mazan Amurka masu takalmi sau-ciki. Na Raramuri gantsarwar tafinsu ta fi tsawo da tauri, tsokar da ke gefen babban yatsa da ta ƙaramin yatsa sun fi kauri. A 2019 Ridge ɗin nan da ta gano kumburin ɓargo ta sake wani gwaji, wannan karon tafiya kawai, ba gudu. Cikin mako 8 masu tafiya da takalmi marar kauri sun ƙara ƙarfin tsokar ƙafa daidai da waɗanda aka sa motsa jiki na musamman. A 2021 masu bincike a Jami'ar Liverpool ta Ingila suka ba mutane irin wannan takalmi su yi harkokinsu na yau da kullum wata shida, ƙarfin yatsunsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Wani binciken Holowka na 2019 ya nuna kantar da ke fitowa a tafin mai yawo ba takalmi tana kare fata ba tare da ta rage jin ƙasa ba, saɓanin soson takalmi.

A tafiya hujjar ta fi ƙarfi, kuma wannan ya dace da rayuwar Raramuri kansu. A 2020 Lieberman ya fitar da wani dogon nazari tare da abokan aiki, cikinsu har da ɗan tseren Raramuri Silvino Cubesare, inda suka yi watsi da tatsuniyar cewa mutanen nan wata halitta ce dabam da ba ta jin gajiya. Suna gajiya, suna jin ciwo, ba kowa ke tsere ba, waɗanda ke yi ma ba atisaye suke fita yi kowace safiya ba. Juriyarsu daga noma da kiwo da hawa da sauka take, tun suna yara, gudun kuma a wurinsu ibada ne da zumunci. Ƙafar da ta cinye Leadville shekara 50 aka yi ana gina ta. Wannan ne ba ya shiga kwali. Kuma yayin da takalminsu ke kawo wa wasu riba, su fari da yunwa sun same su a 2011 da 2012, sare daji da masu fataucin miyagun ƙwayoyi sun kori iyalai da yawa daga gonakinsu, a 2015 ma dole aka soke tseren Urique saboda harbe-harbe. Mai sayen sandal ɗin ya kamata ya san daga hannun wa ya fito.

Ga mai son gwadawa

Ƙafar da ta yi shekaru cikin takalmi mai soso kamar hannun da aka ɗaure ne bayan karaya: ranar da maɗori ya kwance kara ba a shiga da shi filin dambe. Tsoka tana saurin ƙarfi, cikin makonni. Agara da ƙashi sai an yi watanni. Hatsarin yana cikin wannan tazarar, lokacin da mutum ke jin zai iya alhali ƙashinsa bai iso ba. Shi ya sa tafiya ce farko, cikin gida, zuwa masallaci, zuwa kasuwa, har sai an yini da shi ba a ji komai ba. Gudu ya biyo baya, 'yan mintuna a ƙasa mai laushi marar tsakuwa, a huta kwana ɗaya ko biyu, a sake. A gajarta taku, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki maimakon a miƙa ta can gaba. Kada a tilasta wa kai gudu a kan yatsu, dunduniya a ɗage. Wannan shi ke kashe sha-raɓa ya ja agara. A bar dunduniya ta taɓa ƙasa a hankali bayan gaban tafi ya sauka. Kunne ma malami ne: idan takalmin na tafi da ƙasa da ƙarfi, ko ɗaurin ya yi sako-sako ko takun ya yi tsawo.

Tsamin sha-raɓa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Ciwon da ke zaune a wuri guda a bayan ƙafa, wanda za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, wanda ke ƙaruwa idan an danna, shi ne alamar ƙashi. Wannan a daina gudu a ga likita.

Wanda ya taso da silifa da yawo ba takalmi a tsakar gida ya riga ɗan birnin Amurka nisa a wannan hanya, yatsunsa a baje suke, fatarsa ta saba. Amma idan ya shekara goma yana ofis cikin sau-ciki, jiki ya yi nauyi, kada ya dogara da ƙafar ƙuruciya. Ga mai ciwon suga kuwa maganar dabam ce. Idan jijiyoyin ƙafa sun fara mutuwa, ƙaya za ta shiga, igiya za ta goge fata tsakanin yatsu, bai ji ba sai gyambo ya kama. Shi takalmi rufaffe likitoci ke umartar sa da shi, kuma ya bi. Haka mai tsohon ciwon agara ko na dunduniya, ya nemi shawara tukuna.

A ƙasa mai zafi sandal na da daɗin da kambas ba shi da shi. Ƙafa na shan iska, gumi ba ya taruwa ya ruɓar da tsakanin yatsu, farce ba ya bugun gaban takalmi ya yi baƙi, idan an ratsa ruwa nan da nan ya bushe. Kasawarsa ma a fili take. Tafi kawai yake karewa. Ƙarangiya da tsidau suna samun gefe, tuntuɓe kai tsaye kan yatsa yake sauka, cikin ciyawar damina kuma ba ya tare maciji ko kunama. Taɓo yana sa ƙafa ta riƙa zamewa a kansa, igiya ta ci tsakanin yatsu. Da hunturu dunduniya a buɗe take ga iska da ƙura, wanda bai shafa mai ba faso zai kama shi.

Kaurin ƙasan ya danganta da inda za a taka. Milimita 4 zuwa 6 yana ba da jin ƙasa sosai, amma a kan tsakuwa ko kwaltar tsakar rana azaba ce ga sabon shiga. Milimita 10 zuwa 15 ya fi dacewa da farawa. Na Raramuri kansu ba siriri ba ne, taya ce mai nauyi da ɗan tauri, domin a kan duwatsu masu kaifi suke rayuwa.

Ba sai an aika ƙasar waje ba. Baduku ko mai gyaran takalmi zai iya yin sa idan aka nuna masa zanen. A tsaya a kan takarda da nauyin jiki duka, a zana ƙafar, kowace da nata zanen, a bar ɗan rara kaɗan a gaban yatsu. A guji tayar motar zamani mai wayar ƙarfe a ciki, tana da wuyar yanka, wayar kuma takan fito ta soki ƙafa. Tayar babur ko tsohuwar taya mai zare ta fi, ko falankin robar da masu gyara ke sa wa ƙasan takalmi. Igiya ta zama mai laushi da ɗan faɗi, a jiƙa fatar a murza ta da mai kafin a zura. Ƙullin da ke ƙarƙashin yatsu shi ke fara cinyewa saboda yana gogar ƙasa, don haka a ce wa mai aikin ya ɗan rarake masa gurbi a cikin robar ya kwanta, a kuma bar wa igiyar tsawon da za a iya jawo ta a sake ƙullawa idan ta tsinke a hanya.